Mahaifiyata Ba Ta Faɗin Sunan Ɗan Fari

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Kwamitin Amintattu na Gidan Rangwame, gidan jinyar tsofaffi da ke Ƙaura Namoda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran dattawan kwamiti, ina roƙon ka yi haƙuri da tsawon wannan takarda. Na je ƙofar gidanka ba sau ɗaya ba, kullum a ce mini ka yi tafiya. Na tsaya wajen magatakardan gidan jinyar, ya ce maganar ta fi ƙarfinsa. Shi ya sa na fito da ita fili, kuma ko ba don haka ba ma, na tabbata ba ni kaɗai ne ɗan fari a ƙasar Namoda ba. Abin da ya same ni yana jiran wasu.

Sunana Ibrahim, amma Iro ake ce mini. Malamin firamare ne ni a nan Ƙaura, asalina Gurbin Bore ta ƙasar Zurmi. Mahaifiyata tana kwance a gidanku tun bayan kaka, da ciwon shanyewar ɓarin jiki. Ba na zo in ce an zage ta ko an bar ta da yunwa ba ne, Allah ya gani ba a yi ba. Abin da ya kawo ni shi ne gwajin da kuke yi wa tsofaffi kafin ku ba su gado. Wannan gwaji ya ci wa mahaifiyata kusan wata biyu na gashin ƙafa, sannan ya bar ni yau ban san ko tana cikin hankalinta ko ba ta ciki ba. Ni ne waliyyinta a wurinku, ni ake jira in ce a bar ta ko a ɗauke ta, kuma wallahi ban san abin da zan ce ba.

Na ɗaya: wace ce ita, kuma mene ne tsakanina da ita.

Adda nake ce mata. Bafillatana ce, mijinta, wato mahaifinmu, ya daɗe da rasuwa. Ta yi rayuwarta da ƙwarya a ka, tana kai nono da man shanu kasuwannin ƙauyukan Zurmi a ƙafa, rani da damina. Ni ne ɗanta na fari. Kai dattijo ne, Alhaji, ba sai na yi maka karatun abin da wannan ke nufi a wurinmu ba, amma zan faɗa saboda matasan da za su karanta. Ana yaye ni aka miƙa ni ga ƙanwar mahaifina a nan Ƙaura, ita ta raine ni, ita nake kira Inna. Adda kuwa tunda na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta kallon fuskata, ba ta cin abinci in ina wuri, ba ta yi mini magana kai tsaye. In na je gaishe ta, ni ina tsugune a ƙofar ɗaki, ita tana can bayan ƙyaure, sai ta sa autarmu Hajo a tsakani: "Ki hwaɗa ma wancan na Ƙaura ya rage tahiyar rana." Wancan na Ƙaura, sunana ke nan a wurinta kusan shekara hamsin.

Kada wani ya ce ƙiyayya ce. Ba a taɓa yin wata ba a aiko mini da kwalbar man shanu daga Gurbin Bore ba, kuma ba a taɓa cewa daga wurinta take ba. Lokacin da na yi ciwon shawara ina kwaleji, ta sayar da karsanarta ta ba kawuna ya biya asibiti, ta ce in ya faɗa mini ba ta yafe ba. Ya faɗa mini bayan shekara goma. Haka muke, kuma ban taɓa jin na rasa uwa ba.

Na biyu: yadda aka yi na zaɓi gidanku.

Ta faɗi ne tana sheƙar gero a masussuka. Aka kawo ta asibiti, aka ce hawan jini ne ya taɓa ɓarin dama, hannu da ƙafa, baki ma ya ɗan karkace. Da ta samu sauƙi harshe ya dawo, ko da yake da nauyi. Likita ya sallame mu, ya ce nasu aikin ya ƙare, sauran sai gashi da motsa gaɓɓai kullum, kuma a yi da wuri, don in aka bar ƙafa ta sandare ba ta dawowa.

To, a kai ta ina? Nan kan ya fara kullewa. Gidana ya fi kusa, amma kwana uku da ta yi a can kafin mu yanke shawara sun ishe ni wa'azi. Ta ƙi yarda matata ta yi mata wanka, don matar ɗan fari suruka ce ta kunya. Ta ƙi cin tuwo in ta ji muryata a tsakar gida. Ta riƙe fitsari tun safe har la'asar don kada matata ta kawo mata tasa. Na ga in aka ci gaba a haka, kunya za ta kashe ta kafin ciwo.

Hajo ita ce wadda Adda ke sakin jiki da ita, amma tana aure a Badarawa ta ƙasar Shinkafi, ɗaki ɗaya gare ta, ga uwar mijinta ita ma a kwance, ga shi a lokacin cikinta ya tsufa, haihuwa yau ko gobe.

Ƙanen Adda, Kawu Jaɓɓi, shi kuma nasa ra'ayin daban. Akwai wani mai magani a Dauran da ke gasa irin waɗannan marasa lafiya da ganye da ruwan zafi. Kawu ya ce, "Kai Iro, wanga ciwo iska ta, Dauran za mu kai ta. Gidan gajiyayyu za ka kai uwarka kamar wadda ba ta haihu ba, mutane su yi muna dariya?" Maganar ta shige ni, don na san abin da za a faɗa a Gurbin Bore ke nan. Amma na je Dauran na gani da idona. Mutumin kirki ne, sai dai kowane majinyaci da mai zama da shi, a rumfar kara, kuma mu ba mu da mai zama.

Daga nan na zo gidanku. Tunda aka ba mu jiha aka kuma ƙaddamar da Shari'a, kowa ya ga yadda masu hali suka shiga rige-rigen aikin alheri, kuma naku ya fi burge ni. Ina cikin waɗanda suka yi kabbara ranar da kuka buɗe shi. Na zaga da ƙafata. Na ga ɓangaren mata daban, mata ke yi musu wanka. Na ga gidan sauro a kowane gado, na ga rijiyar burtsatse, na leƙa har madafa na ɗanɗana kunu. Na tambayi ko ana juya mara lafiya don kada bayansa ya yi gyambo, aka ce ana yi. Na tambayi yadda ake musu alwala. An nuna mini ɗakin gashi, da ƙarafan da tsofaffi ke dafawa suna koyon tafiya, na ga wata tsohuwa tana ɗaga ƙafa tana dariya. A raina na ce Adda ce wannan nan da wata uku. Na saɓa wa kawuna na kawo ta, har yau gaisuwata da ƙyar yake amsawa.

Abu ɗaya ne ba a faɗa mini ba, ni ma bai zo mini in tambaya ba: cewa gidan kashi biyu ne. Akwai ɓangaren gashi, mai gadaje kaɗan, na waɗanda ake sa ran za su tashi. Akwai kuma ɓangaren zama, na waɗanda tsufa ya ruɗa, a ciyar da su a wanke su har Allah ya yi ikonsa. Gwajin ranar farko ne ke raba su.

Na uku: gwajin.

Aka shigar da mu wani ɗan ɗaki kusa da ƙofa, ita a keken guragu, ni a tsaye. Babbar ma'aikaciyar jinya, wadda kowa ke kira Sista, ta yi mini bayani cewa gashi yana buƙatar mai hankalin da zai bi umarni, a ce ɗaga ya ɗaga, a ce taka ya taka, shi ya sa ake gwadawa. Na ce wannan gaskiya ne. Ta duƙa gaban Adda da ladabi ta tambaye ta wace rana ce yau. Shiru. Ta tambaye ta wane gari take. Shiru. Sannan ta nuna ni ta ce, "Inna, wanga da yak kawo ki, wa na? Mi as sunanai?"

Adda ta sa hannunta mai lafiya ta jawo mayafi ta rufe fuska, ta juya kai wajen bango.

Na ce, Sista, ni ɗan fari ne, ba za ta faɗa ba, kuma muddin ina nan ko sunan garin ba za ta faɗa ba, bari in fita ki tambaye ta. Sista ta ce ta san kunyar ɗan fari, ita ma 'yar ƙasar nan ce, amma ba za ta iya ba. Dokar kwamiti ce a yi gwaji a gaban waliyyi namiji, ya zama shaida, don kada gobe wani ya kai gidan ƙara gaban alƙali ya ce an yi wa tsohuwarsa rashin adalci a ɓoye. Kuma gane wanda ya kawo mutum shi ne babbar tambaya, likitan da ke zuwa duk Laraba ita yake fara dubawa. Ta ƙara da wata magana da har yau take cina. Ta ce, "Malam, na ga tsohuwar da anka ce kunya ta, ashe ta manta ɗiyanta dut. Ni ƙaƙa zan gane bambanci? Kai ka iya ganewa?"

Matar da ba ta taɓa kallona ba, ta yaya zan san ranar da ta daina gane ni?

Aka kai ta ɓangaren zama, aka ce za a riƙa sake gwaji duk Laraba. Alhaji, ka dubi wannan abu da idon basira. Dokarku ta ce sai da shaida, shaidar kuwa shi ne mutum ɗaya tak a duniya da in yana wurin ba ta magana. Duk Laraba in bar aji, in zo in tsaya, ta rufe fuska, a rubuta ba ta gane kowa ba, in koma. Ni da na kawo ta neman magani, ni na zama abin da ya tsare mata hanya. Na nemi a sauya waliyyi. Mijin Hajo suruki ne, shi ma kunya. Kawu Jaɓɓi ya rantse ƙafarsa ba za ta taka gidan ba. Na ce a jira Hajo, aka ce mace ba ta zama waliyyi. Gaba kura baya sayaki.

Ana cikin haka ƙafa tana sandarewa. A ɓangaren zama ba a gashi. Masu wanka suka fara gaya mini, a farfajiyar da ake barin maza su tsaya, cewa gwiwar ba ta miƙewa kamar da, yatsun hannu sun fara dunƙulewa. Ina tsaye a farfajiyar nan ina hango ɗakin gashi, bai kai nisan jifa ba, ina jin ana ƙirga wa wasu taku.

Na huɗu: waɗanda suka yi ƙoƙarin taimako suka ƙara dagula mini lissafi.

Akwai wani matashin ustazu da ke zuwa gidanku yana karantar da tsofaffi, yaro mai ƙwazo, ban raina shi ba. Da ya ji labari ya je ya tsaya bakin labulen ɓangaren mata ya yi mata nasiha. Ya ce wannan al'ada ba ta da asali a addini, yanzu zamani ne na gyara, ta kira ɗanta da sunan da aka yanka masa rago. An ce ta saurare shi har ya gama, ba ta ce uffan ba. Da ya fito ya ce mini ko dai taurin kai ne ko kuma ta ruɗe. Na ce na gode, da waɗannan biyun na zo tun daga gida.

Na tafi wajen tsohon malamina na zaure na kwashe masa komai. Ya ce shi bai san inda aka hana uwa kiran sunan ɗanta ba, bai kuma san inda aka tilasta mata ba, kunya dai ba abin zargi ba ce. Na ce to me zan yi? Ya ce in yi ta addu'a. Ina yi.

Da Hajo ta gama wankan jego ta zo da jaririnta. A matsayinta na mace aka bar ta ta shiga har bakin gado, ta wuni. Da ta fito na tare ta kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Ta ce Adda ta karɓi jariri ta yi masa wasa, ta yi ta hira da Fillanci, ta tambayi farashin gero, ta tambayi ko an gyara dangar bayan ɗaki, ta yi faɗa a kan an bar mata ƙwarya a rana. Na ce alhamdu lillahi, ashe lafiyarta lau. Sai Hajo ta sunkuyar da kai ta ce, amma kuma ta tambaya ko an kai wa Baffa tuwonsa. Baffa mahaifinmu ne, ya rasu tun Hajo ba ta yi aure ba.

Na ce wataƙila mafarki ta yi. Hajo ta ce wataƙila. Na kai wa Sista rabin labarin, na hira da gero da danga, na riƙe rabin. Ta ce ta yarda da ni, amma hirar da aka yi da yaren da babu ma'aikaci ko ɗaya da ke ji, ba a gaban waliyyi ba, ba ta shiga gwaji. Wannan ma abin dubawa ne, Alhaji. Rabin tsofaffin ƙauyukan nan da Fillanci suke mafarki, kuma an ce in ciwon nan ya taɓa mutum, yaren nono ne ke saura masa.

Kafin Hajo ta koma Badarawa ta yi abin da ban sa ta ba. Daga baya ta gaya mini: "Wallahi Yaya, na hwaɗa mata. Nic ce, Adda, in ba ki hwaɗi sunan Yaya ba, ba su gyara maki ƙahwa, nan za ki tabbata." Na ce me ta ce? Ta ce ba ta ce komai ba, taga take kallo. Can sai ta tambaya ko an tatsi Wule. Wule saniyarta ce da ta mutu shekarar da ciwon bushiya ya kashe shanu, ni kaina da ƙyar nake tuna ta. Saboda haka ban sani ba ko maganar Hajo ta shiga ko ba ta shiga ba, ita ma Hajon ba ta sani ba.

Na biyar: Larabar da ta wuce.

Na zo kamar kullum, ban sa ran komai ba. Aka turo ta a keke, ta rame, mayafin ya yi mata yawa. Likita yana zaune a gefe. Sista ta duƙa ta yi tambayoyinta. Rana, shiru. Gari, shiru. Ta nuna ni, muryarta ma ta gaji, ta ce, "Inna, wanga wa na?"

Adda ba ta taɓa mayafi ba. Ta ɗago kai ta dube ni, ido cikin ido. Sai ranar na san idanunta ba baƙaƙe ba ne sosai, suna da ɗan ja-ja kamar na Hajo. Ta ce, da wannan harshen mai nauyi, "Iro na. Ɗana na, na hwari." Ta ci gaba da kallona, sannan ta ce, "Iro, ka rame."

Sista ta yi kabbara. Cikin masu wanka da ke leƙe ta taga, ɗaya ta rangaɗa guɗa. Likita ya ce madalla, a mayar da ita ɓangaren gashi yau ɗin nan. Kowa yana yi mini barka. Ni kuwa na fita ban yi sallama ba, na zagaya bayan tankin ruwa na tsuguna, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne mahaifina.

Ga abin da ya hana ni barci, Alhaji, kuma shi ne dalilin wannan takarda. Abu biyu ne, dole ɗaya ne ya faru.

Ko dai maganar Hajo ta shiga, Adda tana cikin hankalinta sarai, ta auna ta ga ba ta da mafita, ta ɗauki kunyar da ta riƙe tun tana yarinya ta ajiye a gaban baƙi don a ba ta gado. In haka ne, to gidanku ya sa tsohuwa ta yi abin da a wurinta bai da maraba da tuɓe zane a kasuwa, kuma ni na tsaya shaida. Sannan watanni biyun da ƙafarta ta yi tana sandarewa an yi su ne a banza, a kan mace mai cikakken hankali.

Ko kuwa hankalin ne ya tafi. Wadda ke tambayar tuwon mamaci da nonon matacciyar saniya ta kai inda ta manta cewa ni abin kunya ne, ta ga wani mutum mai furfura ta tuna jaririn da aka karɓe mata. In haka ne, to ranar da kuka yi guɗa kuka ce ta warke, ranar ce ta fi kowace rana rashin lafiya. Duk wanda ya san Adda zai gaya maka cewa a cikin hayyacinta ko da wuƙa a wuya ba za ta faɗi sunan nan ba. Gwajinku ya kayar da ita lokacin da take yin abin da mai hankali ke yi, ya kuma ɗaga ta ranar da ta yi abin da mai hankali ba ya yi.

Wanne ne? Ban sani ba. Na juya shi ta kowace fuska. In na tuna ta ce na rame, sai in ce mai hankali ce, don kuwa na rame. In na tuna yadda ta tsare ni da ido babu ko ƙiftawa, sai in ce a'a. Kuma ba zan ɓoye maka ba, abin ya yi mini daɗi. Ɗan shekara kusan hamsin, da jikoki, na ji uwata ta kira sunana. Wannan daɗin shi ya fi komai ba ni tsoro, don ban san da me aka saya mini shi ba.

Labari ya kai Gurbin Bore. Kawu Jaɓɓi ya aiko cewa ai ga irinta nan, an kai ta gidan da aka zautar da ita, zai zo da mota ya ɗauke ta zuwa Dauran, in ba shi amsa kafin Juma'a. Hajo ta ce in an ɗauke ta daga gashi yanzu ƙafar ta tafi ke nan. Matata ta ce in yi istihara. Kowa yana da gaskiyarsa, kuma ba zan iya zaɓa ba sai na san wace ce ke kwance a gadon nan.

Saboda haka ina roƙon kwamiti, da girman Allah, abubuwa kamar haka.

A sake duba mahaifiyata, ba a gabana ba. A sa mace mai jin Fillanci ta zauna da ita, likita ya saurara, in ana son shaida a sa Hajo ko wata dattijuwa, ni zan tsaya a wajen gida gaba ɗaya. Abin da aka gani a gaya mini gaskiyarsa, mai daɗi ko mai ɗaci, kafin Juma'a in da hali.

A gyara dokar shaida. Na san da kyakkyawar niyya kuka kafa ta, amma tun ranar da aka kawo tsoho a tambayi danginsa wa yake jin kunya a cikinsu, kada a tsayar masa da wannan mutumin a ka. A cire tambayar suna ga ɗan fari da suruki. Akwai hanyoyi da yawa na gane mai hankali.

Duk wanda ya zo duba gidan don ya kawo nasa, a gaya masa tun a ƙofa cewa ɓangare biyu ne, da yadda ake rabawa. Ni an nuna mini ɗakin gashi da gidan sauro, ba a nuna mini ɗan ɗakin nan na kusa da ƙofa ba, alhali a cikinsa ake yanke komai.

Kada kuma a taɓa Sista ko wani ma'aikaci saboda wannan takarda. Dokar da aka ba ta ta bi, kuma ita ce ke ba Adda kunu da hannunta. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Tun ranar Larabar nan ban koma na tsaya gabanta ba. Kullum da safe ina kawo fura in miƙa wa mai gadi, in tambayi masu wanka, su ce an fara gashi, tana cijewa tana dafa ƙarfe. Suna cewa in shigo farfajiya a turo mini ita mu gaisa, ina cewa ina sauri. Ba sauri nake ba. Na san gwajin da ya fi naku yana hannuna, kuma tsoronsa nake ji. In aka turo ta ta sake kallona ta ce Iro, zan amsa, amma zan san Adda ta tafi. In kuwa ta gan ni ta jawo mayafi ta juya wajen bango, to uwata tana nan. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga. Ka taya ni addu'a, Alhaji, Allah ya sa ta juya mini baya.

Allah ya saka maka da alheri a kan wannan gida, ya sa shi a mizaninka, ya jiƙan mahaifanka, ya ba ka masu jin ƙanka ranar da ƙarfi ya ƙare.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Ibrahim, wanda ake kira Iro,
malamin firamare, Ƙaura Namoda.